Lomar da Ake Bari a Rumfar Iya Ladi

Ƙarfe bakwai saura minti goma sha biyu na yammacin Larabar da ta wuce, mu uku ne a kan tebur a wani gidan abinci da ke hanyar Bosso: ni, da ɗana Isiyaku, da abokin aikinsa Malam Bala. Azumi goma sha ɗaya ke nan. Isiyaku ne ya nace mu sha ruwa a waje, domin matarsa ta tafi Paiko gaisuwar rasuwa, shi kuma bai yarda da girkinsa ba. Ni ma ban yarda da girkin nasa ba, saboda haka na bi shi.

Wurin ba laifi. Akwai fanka, akwai ruwan sanyi daga firiji, kowa da farantinsa. Muka sha ruwa, muka yi sallah a bakin ƙofa, muka dawo aka kawo sakwara. Kafin in taɓa miya na yanki gefe guda na tura shi bakin faranti, sannan na ci sauran. Da muka gama, matar da ke kwashe kwanuka ta zo ta juye komai cikin bokiti guda, da ƙashi, da ruwan wanke hannu, da lomar tawa.

"Ka ga Baba ko?" in ji Isiyaku. "Ko loma uku ka ba shi sai ya bar ɗaya. Tun muna yara haka yake."

Malam Bala ya yi dariya. "Baba, ko tsoron tumbi ake yi?"

Na ce su tashi mu tafi. Ban ba su amsa ba, domin amsar ba ta tsaye ba ce. Bana azumi ya sake faɗowa tsakiyar bazara, kamar yadda ya faɗo shekara talatin da uku da suka wuce, kuma ruwa ya sake yin jinkiri. A wancan azumin akwai wani tsoho a garin nan wanda irin wannan loma ce kaɗai abincinsa. Ni na raba shi da ita. Zan faɗi yadda aka yi, daki-daki.

A lokacin ina da shekara ashirin da biyar, ban yi aure ba, ina aikin canja layi a tashar jirgin ƙasa ta Minna. Aikin ba shi da wuyar ganewa. Ka duba agogo, ka duba sigina, ka ja ƙarfe, layi ya karkata, jirgi ya bi inda aka nufe shi. In ka sa na biyu kafin na ɗaya, mutane su mutu. Na yi elementare aji huɗu, na iya karatu da rubutu, ina da agogon aljihu, kuma ba na son a yi abu ba bisa tsari ba. Abokan aiki suka sa mini suna Agogo, har wasu suka manta sunana Haruna.

Bayan tasha, ƙarƙashin wani mangwaro, akwai rumfuna uku a jere. Ta farko ta Lasisi ce, wani Bayarabe mai gashin burodi a tanderun ƙasa. Da asuba ƙanshinsa har bakin layin dogo. Ta biyu ta mai shayi. Ta uku ita ce ta Iya Ladi, kuma a nan mu marasa iyali muke ci.

Iya Ladi 'yar Gbagyi ce daga wani ƙauye bayan Paiko, Kirista, gajeruwa, mai ƙarfi. Itace da doya a kafaɗa take ɗauko su, ba a ka ba. Mijinta da 'ya'yanta suna ƙauye suna noma. Hausarta ta kasuwa ce, mace da namiji duk ɗaya a bakinta, amma ban taɓa ganin wanda bai gane faɗanta ba. Namanta daga wurin mahautan Musulmi take saye, kuma in azumi ya kama sai ta mayar da girkinta yamma saboda mu. Rumfar benci ɗaya ce dogo, da zana da ta raba wurin zama da madafa. Mu takwas ne masu ci kullum, kowa da kwanonsa na tasa a kan katako.

A rumfar nan akwai wata al'ada da na tarar: ba a cinye tuwo duka. Kafin ka sa hannu a miya, sai ka yanki gefe guda mai tsabta ka tura bakin kwano. In ka gama, Iya ta kwashe kwanukan ta shige bayan zana. Ana kiran abin "rabon kwano". Na ɗauka ladabi ne kawai, irin na kada a ce mutum ya cika haɗama. Ina yi domin na ga ana yi.

Na tara a bencin shi ne Baba Ndagi, kuma shi ba ya da kwano. Banufe ne daga wajen Baro, ya yi shekaru yana zuba gawayi a cikin injin jirgi kafin ƙarfinsa ya ƙare. A hannunsa na hagu akwai tabon ƙuna daga wuyan hannu har gwiwar hannu. Da ya bar reluwe sai ya koma gyaran laima a ƙarshen bencin Iya Ladi. Kayan aikinsa a naɗe suke cikin wani tsohon buhu: filaya, da waya, da allura, da zare baƙi, da ƙarafan tsofaffin laimomi. Kullum rigarsa wankakkiya ce, ko da ta sha ɗinki. In aka kawo abinci aka ce, "Baba, bismillah," sai ya ɗaga hannu.

"Alhamdulillahi. Nawa yana jira na a gida. Matar mai gidanmu ba ta son a dawo mata da tuwo."

Abokin faɗansa shi ne Sule, wani kafinta Bakatsine da ke aiki a loko, wato wurin gyaran injinan jirgi. Katsinawa da Nufawa abokan wasa ne, kuma su biyun nan ba su taɓa barin wasan ya huta ba.

"Bawana, ka yi mini shara yau?" Sule zai ce tun daga nesa.

"Ji ɗan tudu. Kai da ba ka taɓa ganin ruwan da ya wuce idon sawu ba. Zo ka gaida ubangidanka," Baba zai rama.

A shekarar da nake magana, ruwa ya yi yayyafi sau ɗaya, manoma suka binne irin doya, sai sama ta rufe. Irin ya dahu a cikin ƙasa. Tsohuwar doya ta ƙare a kasuwa, masu dawa suka ƙulle rumbunansu. Matan Fulani da ke kawo nono da man shanu suka daina zuwa, domin an gangara da shanu can bakin kogi. Rijiyoyin unguwar Limawa suka koma laka. Lasisi ya rage girman burodinsa har ya zama kamar tafin hannu, kuma fasinjoji ne ke fara samu. Mai shayi ya daina tambayar ko da madara. Ana cikin haka aka ga watan azumi.

Zafin ba irin wanda ake mantawa ba ne. Da hantsi layin dogo ya fara rawa a ido. Ƙarfen da nake ja sai na naɗe shi da tsumma, in ba haka ba ya ɗaye mini fata. Abin da ya fi wuya shi ne tsayawa kusa da famfon da ake shayar da injin. Ruwa na kwarara cikin tanki kamar kogi, feshinsa na taɓa maka fuska, harshenka kuma ya manne a ganɗa. Da la'asar hadari zai taso ta gabas, baƙi wuluk, a ji ƙanshin ƙasa, mata su fito da tukwane. Sai iska ta zo ta watsa shi. An fita roƙon ruwa har sau biyu. Su Iya Ladi ma sun yi nasu a coci.

Inda babu ruwan sama babu mai neman gyaran laima. Wannan ko yaro ya sani. Ni ban yi tunaninsa ba ko sau ɗaya. Ina ganin Baba Ndagi yana kwance buhunsa da safe, yana jera ƙarafa, yana naɗewa da yamma, ban tambayi kaina da me yake sayen hatsi ba.

Ran azumi huɗu Iya Ladi ta ce za ta rufe rumfa, ba ta samun abin tuƙawa. A nan na shigo. Na san wani gadi a jirgin Kano, na roƙe shi ya sauko mana da buhun dawa guda, muka haɗa hannu mu takwas muka karɓa. Da buhun ya iso, na zauna na tsara komai. Mutum biyu su ɗebo ruwa bayan an tashi aiki. Biyu su nemo itace. Biyu su taya surfe da daka, tunda Iya ita kaɗai ce. Sule ya gyara murhu da benci. Lasisi ya yarda Iya ta riƙa ɗibar garwashin tanderunsa. Ni kuma na auna dawar da gwangwani, na raba ta kwana-kwana har zuwa sallah. Malmala takwas a rana, kowace ba ta kai dunƙulen hannu biyu ba. Miya kuka ce da daddawa, wani lokaci ba mai. Iya da kanta ƙanzon tukunya take jiƙawa ta ci.

Tsarin ya yi aiki, ba zan ɓoye ba. Ana kiran sallah, mu sha kunun tsamiya tsararo, mu yi magariba a ƙarƙashin mangwaro, mu dawo benci, kowa ya karɓi kwanonsa bisa jerin da na tsara. Na ji daɗin kaina ƙwarai.

Kowace rana bayan an kwashe kwanuka, Iya takan leƙo daga bayan zana.

"Baba, fitila ya lalace kuma. Zo ka duba mini shi."

Baba Ndagi ya miƙe yana mita. "Wannan fitila taki sai ta ga bayana." Ya shige. Bayan ɗan lokaci ya fito yana goge hannu, ya yi mana sai da safe.

Ran azumi tara na je tafsiri, malamin ya yi magana a kan almubazzaranci da barin abinci. Na dawo maganar na yi mini yawo a kai. Da yamma na dubi kwanuka takwas, kowanne da lomarsa a gefe, na haɗa su a zuci na ga sun kusa malmala guda. A shekarar da mutane ke cin ganye. Na buga kwanona da cokali.

"Daga yau an daina rabon kwano. Kowa ya cinye nasa tas. Dawar nan da wahala aka samo ta, ba za a riƙa zubar da ita ba saboda wata al'ada marar tushe."

Samarin da ke bencin ba su jira na gama ba. Yunwa suke ji, na kuma ba su hujja. Kowa ya jawo lomarsa ya tsoma a miya.

Iya Ladi ta fito da muciya a hannu. "Agogo, wa ya ce maka ina zubarwa?"

"To ina yake zuwa?"

Ta dubi ƙasa. "Kwano ma yana ci," in ji ta.

Muka yi dariya, har da ni. Na ce, "Iya, kwanon da ya ci ya zo ya ɗebo ruwa."

Sule kaɗai bai taɓa lomarsa ba. Na ce masa doka ta hau kowa. Ya ce, "Malam Agogo, cikina ne ko naka? Mu Katsinawa ba ma suɗe kwano kamar wasu." Ya harari Baba Ndagi don a ɗauka wasa ne. Baba ya yi murmushi ya ce, "Yaron nan yana da gaskiya, Sule. Barin abinci ba kyau." Yaron da yake nufi ni ne. Ya goyi bayana.

Kwana tara aka yi a haka. Kullum sai na zagaya na duba kwanuka, kullum sai na yi wa Sule magana, kullum lomarsa na ƙara girma. Na ce masa girman kai ne. Ya ce na gode. Iya ta daina amsa gaisuwata da baki, sai da kai. Fitila kuwa ba ta fasa lalacewa ba.

A cikin kwanakin nan na lura Baba Ndagi ya fara sallah a zaune. Na lura zare na kuɓuce masa in zai sa a allura. Na lura ya daina rama wa Sule.

"Bawana, ku Nufawa kun ɓoye ruwan nan ne don kifinku? Ka kira mana shi mana, ba ku ke da kogi ba?"

"Zai zo," in ji Baba. Iyakar amsarsa ke nan.

Duk na gani. Na ce tsufa ne da zafi.

Ran azumi goma sha takwas na yanke shawarar in ga inda lomar Sule take zuwa da idona. Zargina shi ne Iya na ba wani kare. Bayan an kira Baba duba fitila, na zagaya ta bayan tanderun Lasisi na leƙa ta ɓular zana.

Fitilar tana rataye, tana ci lafiya lau. Baba Ndagi na zaune a kan turmin da aka kife, ya ba ni baya. A gabansa ƙaramin kwano, a ciki lomar Sule, ba ta fi ƙwan agwagwa ba, da ɗan jiƙaƙƙen ƙanzon da Iya ta raba biyu. Ya gutsura lomar gida huɗu. Yana ɗaukar ɗaya, ya daɗe yana taunawa, ya sha ruwa, ya jira, sannan ya ɗauki ta gaba.

Iya ta gan ni. Ta zagayo ta ja ni har gindin mangwaro, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ka gani?"

"Na gani."

"Babu matar mai gida. Babu tuwo a gida. Ɗaki ne kawai a Kwangila, da tabarma. Shekara biyu ina haɗa masa loma takwas, ina mulmula shi ya zama ɗaya, ina zuba miya mai zafi. Bai taɓa roƙo ba, ban taɓa cewa na ba shi ba. Ya gyara fitila, ya ci ladan aikinsa. Ni da Sule kawai muka sani."

"Me ya sa ba ku gaya mini ba?"

"Kai? Kai da komai sai ka buga kwano?" Ta riƙe hannun rigata. "Ji nan, Agogo. Ka gani, to ka manta. Gobe ka bar loma, ka rufe bakinka. Yara za su ga ka bari, su ma su bari. Shi ke nan. Kada ka yi komai."

Abin da ta nema ke nan. Ba wuya a ciki. Amma na kwana da kunya, kuma ni a lokacin in na ji kunya sai in nemi abin da zan tsara. Na ce a raina: dattijo kamar wannan bai kamata ya ci saura a bayan zana ba, kamar ɓarawo. Kamata ya yi ya sami kwanonsa, a kan benci, cikin jeri, kowa ya san haƙƙinsa ne. Na ga kamar girmamawa ce. Da safe na je kasuwa na sayi sabon kwanon tasa mai murfi.

Da yamma, bayan magariba, kafin kowa ya sa hannu, na buga kwano. Na ga Iya ta tsaya cik a bakin zana. Na ga Sule yana girgiza mini kai. Ban tsaya ba.

"Jama'a, na yi kuskure, kuma zan gyara a gabanku. Ashe rabon kwanon da na hana, shi ne abincin Baba Ndagi. Ba shi da kowa a garin nan, ba shi da abin ci, kwana tara yana kwana da yunwa saboda ni. Daga yau mu tara ne. Kowa ya yanko nasa ya sa a nan."

Na bi benci da sabon kwanon. Samarin suka yanka suna sunkuyar da kai. Na zuba miya, na kai gaban Baba na ajiye, na ce, "Baba, bismillah. Ba sai ka shiga bayan zana ba kuma."

Babu wanda ya motsa. Ana jin wani inji yana huci a loko.

Sule ya yi ƙoƙari. "To bawana, yau ka zama sarki, har da murfi." Muryarsa ba ta fito daidai ba, kuma ba wanda ya yi dariya.

Baba Ndagi ya dubi kwanon ya daɗe. Sannan ya wanke hannu. Ya yanki gefe guda mai tsabta ya tura bakin kwano, kamar yadda ake yi. Ya ci loma uku. Ya rufe murfin.

"Allah ya yi maka albarka, Haruna," in ji shi. Shi kaɗai ne a bencin nan ya taɓa kira na da sunana. "Ka yi ƙoƙari. Amma kada in cika ciki. Nawa yana jira na a gida."

Ya miƙe a hankali, ya gyara rigarsa, ya yi wa kowa sai da safe ɗaya bayan ɗaya. Iya ba ta kira shi duba fitila ba. Ta zo ta ɗauki kwanon, ta dube ni, ta shige da shi bayan zana. Sule ne ya yi magana, bayan tsohon ya yi nisa.

"Da yunwar ce kawai, da ya jure, Agogo. Ya jure ta kwana tara. Abu ɗaya ya rage masa a garin nan, a ce Baba Ndagi yana da gida. Ka karɓe."

Na ce gyara na yi. Ya ce in je in gyara layin dogo.

Washegari ina bakin aiki. Jirgin Baro yana tashi da safe, kuma ni ne mai karkatar masa da layi. Na duba agogo, na duba sigina, na naɗe ƙarfe da tsumma na ja. Jirgin ya taho a hankali ya wuce ta gabana. A tarago na uku, bakin taga, na ga farar riga mai ɗinki, na ga hannu mai tabo a kan katakon taga. Ya gan ni. Ya ɗaga hannun, irin ɗagawar da yake yi in an ce masa bismillah. Ba ni da ikon sakin ƙarfe sai tarago na ƙarshe ya wuce, kuma ban sake shi ba. Daga baya na ji direban tsohon abokin aikinsa ne, shi ya sa aka ɗauke shi.

Buhun kayan aikinsa yana ƙarƙashin benci inda ya saba ajiyewa. Ya ce wa Iya zai je ganin dangi, zai dawo bayan sallah.

Kwana huɗu da tafiyarsa, da la'asar, hadari ya taso ta gabas, iska ba ta watsa shi ba. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ya yi ta zuba har rufin rumfa ya fara yoyo. Mutane suka fito suna tsayawa a cikinsa da azuminsu. Washegari tun da hantsi aka fara zuwa. Akawun tasha da laimarsa mai karyayyen ƙarfe, wani malamin makaranta, matar wani ɗan sanda da laima biyu. Kowa ya tsaya a ƙarshen benci ya ce, "Ina tsohon nan?" Iya ta ce ya yi tafiya. Na ƙirga mutum bakwai a ranar kaɗai.

Rabon kwano ya dawo ba tare da kowa ya ba da umarni ba. Muna yankawa, muna turawa gefe, Iya na kwashewa ta shige bayan zana. Ban sake tambayar inda yake zuwa ba. Ban sake buga kwano ba.

Aka yi sallah bai dawo ba. Aka yi babbar sallah. Da na sami hutu na hau jirgi har Baro, na yi kwana uku ina tambaya a tasha, da kasuwa, da bakin kogi wurin masu kwalekwale. Kowa sai ya ce, "Ndagi wanne? Ɗan wa? Wane ƙauye?" Ban sani ba. Na san lokacin tashin kowane jirgi da lokacin isowarsa, amma mutumin da na zauna benci ɗaya da shi shekara biyu, ban taɓa tambayar sunan ubansa ba.

Bayan wasu shekaru aka tashi rumfunan don a faɗaɗa hanya. Lasisi ya koma garinsu. Sule ya riga ya koma Katsina. Mun shirya kafin ya tafi, amma bai ƙara yi mini wasa ba. Ranar da Iya Ladi za ta koma ƙauye, ta aiko a kira ni. Ta ciro buhun daga ƙarƙashin benci ta ɗora mini a hannu.

"Kai ka kore shi," in ji ta. "Kai za ka riƙe masa."

Yana nan a ɗakina a unguwar Maitumbi, a saman kabad. Duk farkon damina nakan sauko da shi in shafa wa filayar mai don kada ta yi tsatsa. Zaren ya ruɓe, sauran suna nan yadda ya naɗe su. 'Ya'yana sun ɗauka kayan aikina ne na reluwe.

Yanzu gidajen abinci sun yi yawa a Minna, kuma tuwonsu ya fi na Iya Ladi girma. Babu zana, akwai bango da ƙofa. Na san lomar da nake bari bokiti take zuwa. Hannuna ne ya ƙi dainawa.

Ga abin da nake roƙo. In kai mai karanta wannan ɗan wajen Baro ne, ko kana da dangi a ƙauyukan bakin kogin nan, ka tambayi tsofaffinku. Sunansa Ndagi, dogo ne siriri, ya yi aikin zuba gawayi a jirgi, yana da tabon ƙuna a hannun hagu, ya koma gida cikin azumin wata shekara da ruwa ya yi jinkiri. In ya bar ɗa, ko jika, ko ɗan ɗan'uwa, a zo Maitumbi a tambayi Haruna Agogo na reluwe a karɓi kayansa. In kuma ba kowa, a gaya mini inda aka binne shi, zan je da kaina. Amma in kun sami danginsa, kada ku ce musu ya yi yunwa a Minna. Ku ce musu yana da gida.